Filin Tambaya da Amsa: Littafi ya sa ni kukan yayata alhali tana raye

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malama. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamar lakwal ce a nan Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya tare da maigidana da ƴaƴanmu. Dalilin rubuto miki wannan takarda shi ne wani littafin ƙagaggen labari da abokiyar aikina ta zo da shi daga Yamai ta ara mini, cikin Faransanci, wanda tun da na rufe shi hankalina bai koma jikina ba.

Labarin wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka gaji gida guda, ƙofar ɗakin wannan tana duban ƙofar ɗakin waccan. Wata rana suka saɓa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, suka kwana ba su yi wa juna magana ba, da gari ya waye sai tsakar gidan ta ƙara faɗi da taki ɗaya. Haka abin ya ci gaba, duk daren da suka kwana suna gaba sai ta ƙara taki ɗaya. Babu wanda ya yi mamaki a cikin littafin. Yarinyar da ke yi musu shara ta nemi ƙarin kuɗi, maƙwabta suka riƙa koro awakinsu kiwo a wurin, ma'aikacin haraji ya zo ya auna filin ya ƙara musu kuɗin ƙasa, shi ke nan. Yayar ba ta taɓa fasa aika wa ƙanwar tuwon dare ba. Da farko yana isa da zafinsa, daga baya ya riƙa isa da sanyi, har ta kai yaron da ake aikawa sai ya hau jaki. Bayan dukansu sun tsufa, ƙanwar ta ɗauki sanda da gorar ruwa ta kama hanya, ta yini ta kwana tana tafiya a cikin gidan ubanta, da ta isa ta tarar an riga an kai yayar makwancinta.

Malama, a nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ranar da mahaifiyarmu ta rasu. Yayata ce ta goye ni, ita ta riƙe hannuna ta kai ni lakwal, ita ta zauna da ni a jegona na fari. Bayan rasuwar mahaifiyarmu muka saɓa a kan ɗan kunnenta na zinari da wasu kwanuka, ta faɗa mini magana, na mayar mata da wadda ta fi tata zafi, ga shi mun shiga shekara ta huɗu ba ma gaisawa. Tana aure a Tibiri, nan kusa. Mukan haɗu a biki ko suna, kowace ta kau da kai.

Ina so ki fahimtar da ni yadda labarin abin da ba zai yiwu ba ya girgiza ni fiye da mutuwa ta gaskiya. Maigidana ya ce tatsuniyar Turawa ce kawai na ɗora wa kaina, wata abokiyar aikina kuma ta ce irin waɗannan littattafai suna raunana imani. Ni kuma haushin marubuciyar nake ji, don me ba ta bari sun shirya ba? Daga ƙarshe, ko ya dace in aika wa yayata littafin, ko da yake ba ta karanta Faransanci, sai dai ɗiyarta ta karanta mata?

Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA

Wa'alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya sa ta huta, ya kyautata namu zuwan.

Zan fara da kukan, domin shi ne ya fi damun ki, kuma kina jin kamar kin yi wa mahaifiyarki rashin adalci da kika zubar wa takarda hawayen da ba ki zubar mata ba. Ki cire wannan daga ranki. Mutuwa a wurinmu tana zuwa da tsarinta: a yi wanka, a yi sutura, maza su kai, a shimfiɗa tabarmi, jama'a su yi ta shigowa suna cewa ya haƙuri, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kuma ɗiyar mamaciya a waɗannan kwanaki tana tsakanin madafa da tarbar baƙi, ba ta da lokacin da za ta zauna ta saurari zuciyarta. Duk da haka kowa ya san ta yi rashi, kowa ya ba ta haƙƙin mai rashi. Rabuwa da ƴar'uwa mai rai ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a shimfiɗa mata tabarma, ba a zuwa gaisuwa, idan ma kika buɗe baki kika ce kina kewar yayarki, amsar da za ki samu ita ce, to wa ya hana ki zuwa? Saboda haka kin yi shekaru kina ɗauke da rashin da ba wanda ya ƙirga shi a matsayin rashi, har ke kanki, sai wannan littafi ya zo ya auna miki shi da taki, ya nuna miki shi a fili yana da tsawo da faɗi. A fahimtata mutum biyu kika yi wa kuka a daren nan, mahaifiyar da ta tafi da yayar da ya kamata a ce ta zame miki madadinta, tun da Bahaushe ya ce babbar ya uwa.

Irin rubutun da kika karanta salo ne sananne a adabin duniya, salon haɗa zahiri da al'ajabi. Wani Bajamushe mai sharhin zane-zane ne ya fara raɗa masa suna a 1925, amma marubutan Latin Amurka ne suka raine shi har ya shahara, musamman Gabriyel Garsiya Markes na ƙasar Kolombiya, wanda babban littafinsa ya fito a 1967, ya kuma karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1982. Ya sha faɗa cewa muryar da ya rubuta littafin da ita ta kakarsa ce, wadda takan ba da labarin abin al'ajabi fuskarta ba ta canja ba, kamar tana faɗin abin da ta gani da safe. Dokar salon ke nan: a ɗauki duniyar da muka sani, mai haraji da kasuwa da bashi, a saka mata abu ɗaya ko biyu da hankali ba zai ɗauka ba, a kuma ci gaba da labari ba tare da an tsaya bayani ba. Kuma al'ajabin yakan ɗauko wata gaskiya da ta yi wa bakin mutane nauyi. A watan Disamba na 1928 sojoji sun buɗe wa ma'aikatan gonakin ayaba masu yajin aiki wuta a garin Siyenaga na Kolombiya. Da Markes ya shigar da wannan kisa cikin labarinsa, sai ya sa mutanen garin duka suka wayi gari suna cewa ba a taɓa yin haka ba, sa'annan ruwan sama ya tsinke ya yi kusan shekara biyar bai ɗauke ba. Mai karatu ya san ba a ruwan shekara biyar, amma ya san ana yin kisa a danne maganarsa, kuma ruwan ne yake sa ya ji nauyin dannewar a jikinsa.

Maigidanki yana da gaskiya ta wani gefen, domin mu ma an raine mu da labaran da al'ajabi ba ya sa kowa buɗe baki. A tatsuniyar ƴar bora da ƴar mowa, yarinya ta iske cinya da kare a bukka, ta yi sallama ta gaishe su da ladabi, kuma ladabin nan ne ya fisshe ta. Sai dai tatsuniya tana da katanga. Ana buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, mai bayarwa ma ta faɗa da bakinta cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, yaro ya kwanta ya san wannan duniyar dabam, tasa dabam. Littafin da kika karanta ya rushe katangar, ya kawo al'ajabin gidan da ake biyan kuɗin ƙasa, shi ya sa ba ki sami ƙofar da za ki fita ki ce ai tatsuniya ce ba. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa abin na Turawa ne. Ben Okri, wanda aka haifa a Minna ta Najeriya, ya ci kyautar adabi ta Booker a 1991 da labarin yaron da Yarabawa ke kira abiku, mai mutuwa yana dawowa, kuma kowace tsohuwa a Maraɗi ta san ɗan wabi, ta san dalilin da ake kiran wani yaro Ajuji. Ni kam nakan yi takaicin yadda marubutanmu na nan ba su cika waiwayar abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba, alhali suna zaune a garin da ya tashi ɗungurungum daga fadama ya hau tudu bayan ambaliyar 1945, kuma ga tafkin Madarunfa kusa da su, wanda ake cewa kaburburan waliyyai 99 ne ke kewaye da shi.

Rashin mamakin mutanen littafin, wanda ya ɗaure miki kai, shi ne wurin da na fi daɗewa a kansa cikin takardarki, domin a nan marubuciyar ta fi nuna ta san mutane. Ki duba danginku yau. Na tabbata a watannin farko an yi ta kai da komo, ana cewa ku ji tsoron Allah ku shirya. Yanzu fa? Idan za a yi biki, an san wadda za ta kai miki goron gayyata da wadda za ta kai mata. An san ba a haɗa ku kwano ɗaya, an san idan kina ɗakin amarya ita za a zaunar da ita a rumfa, an san wadda za ta karɓi kuɗin ankonki don kada ya bi ta hannunta. Ƴaƴanku sun koyi gaishe da juna a ɓoye, ko kuma sun daina. Wataƙila ma akwai mai cin riba, mai ɗauko magana daga Tibiri ta kawo Zariya, ta ɗauki ta Zariya ta mayar Tibiri. Waɗannan su ne masu koro awaki da mai awon haraji na gidanku. Ba mugaye ba ne, mutane ne da suka ga abu ya daɗe suka gyara zamansu a kansa. Abin firgitarwa a labarin, a ganina, shi ne saurin da jama'a ke yi wajen sabawa da abin da bai kamata a saba da shi ba, kuma marubuciyar ba za ta iya nuna wannan ba da ta sa mutanenta suna salati suna tafa hannu a kowane shafi.

Sai maganar tuwo. Ya da ƙanwa a ƙasar Hausa ba sa cika furta ƙauna da baki. Ana ganinta ne a goyo, a kitso, a zanin da aka ara ba a dawo da shi ba kuma ba a tambaya ba, a kwanon da ake aikowa rufe da faifai, a wadda ta bar gidan mijinta ta zo ta dafa miki ruwan wanka da kunun kanwa kwana arba'in. Saboda haka idan suka saɓa, ba su da kalmomin gyara da suka saba amfani da su, domin tun farko ba da kalmomi suka gina abin ba. Littattafan soyayya da suka cika kasuwanninmu tun daga shekarun 1980 sun yi ta ba mu labarin kishiyoyi da ƴan uba da auren dole, amma saɓanin waɗanda suka sha nono ɗaya ba a cika tsayawa a kansa ba, kamar ana jin kunyar a ce yana faruwa. Yana faruwa, kuma ya fi na kishiya ciwo, domin kishiya ba ta san inda rauninki na ƙuruciya yake ba, yayarki kuwa ta sani, ke ma kin san nata, shi ya sa maganar da kika mayar mata ta fi tata zafi. Ina so ki zauna ki tuna da kyau ko akwai wani tuwo da yake zuwa miki daga Tibiri a shekarun nan ba ki lura ba: gaisuwar da ta biyo ta bakin ɗiyarta, tambayar lafiyar yaronki da ta yi wa wata, ko gudummawar da aka ce daga dangi take ba a faɗi sunan mai ita ba. Sau da yawa akwai.

Game da imani, abokiyar aikinki ta tsorata da abin da bai kai ba. Marubuciyar ba ta ce ki gaskata tsakar gida tana girma ba, misali ta buga, kuma buga misali da abin da ba ya faruwa tsohon abu ne a karatun Musulmi. Tun ƙarni na 8 Ibnul Muƙaffa ya mayar da littafin labaran dabbobi Kalila wa Dimna cikin Larabci, zaki da dila suna magana, malamai suka karanta suka karantar. Abin da za a guje wa shi ne littafin da yake kiran mutum zuwa ga bauta wa wanin Allah ko yake ƙawata alfasha, kuma babu ko ɗaya a abin da kika ba ni labari. Idan ana neman abin da ya shafi addini a takardarki, to gabar ce. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, ya kuma nuna cewa mafificinsu shi ne wanda ya fara yin sallama. Siffar da hadisin ya kawo ita ce kika rubuto da hannunki game da haɗuwarku a biki da suna.

Haushin da kike ji na ƙarshen labarin na fahimce shi, amma ina bayan marubuciyar. Da ta bari sun rungume juna suna kuka, da kin rufe littafin da murmushi, kin mayar wa mai shi, kin yi barcinki, domin waɗancan biyun sun yi shirin a madadinku. Da ta hana su, sai aikin ya rage a hannunki. Kuma ki lura ba ta yi wa ƙanwar ƙarya ba: ta tafi, tafiyar ta yiwu, lokaci ne kawai ya ƙure. Idan muka ari ma'aunin littafin, taki ɗaya kowane dare, shekara uku da ɗoriya taki dubu ne da wani abu, tafiyar da mace mai lafiya za ta yi kafin shinkafa ta nuna. Ƙanwar labarin ta bari har abin ya zama tafiyar yini da kwana ga tsohuwa mai sanda.

Littafin kuwa kada ki aika mata. Ki yi tunanin yadda zai isa: ɗiyarta tana fassara mata labarin wata ya da ta mutu ba ta shirya da ƙanwarta ba, daga hannun ƙanwar da ba ta gaishe ta ba shekaru. Za ta ɗauke shi habaici, ko ma fatan mutuwa, kuma za ta ji kin zo mata da bokon da ita ta kai ki kika samo. Littafin ya riga ya yi aikinsa a kanki, ita kuma wani abu dabam take jira. Kada ki tura saƙo ta salula, kada ki aika ɗiya, zumunta a ƙafa take. Ke ce ƙarama, tafiyar taki ce ko da ita ta fara, kuma babu wanda zai ce kin faɗi don kin je gaishe da wadda ta goye ki. Ki sanar da maigidanki, ki zaɓi ranar da ba biki ba suna, don kada idon jama'a ya sa kowace ta ƙi sauka. Ki riƙa ɗan abin hannu irin wanda ƙanwa ke kai wa ya, sabulu ko turmin zane, ba abin da zai yi kama da biyan diyya ba. Idan ƙanwar mahaifiyarku ko gwaggonku tana raye, ki roƙe ta ta raka ki, domin yayarki za ta ji nauyin juya wa babba baya. Ki yi sallama, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Yaya, na yi kuskure a maganar da na faɗa miki, ki yafe mini, ki tsaya a nan. Kada ki ƙara da cewa amma ke ma kin ce kaza.

Maganar ɗan kunne da kwanuka kada ta fito a ranar. Rabon gado yana da hukuncinsa a Suratun Nisa'i, ƴaƴa mata rabonsu daidai yake da juna, kuma liman ko malamin da ya san fara'ili zai raba muku shi a zama ɗaya, a wata rana dabam, gaban shaidu. Mai yiwuwa ta karɓe ki da sanyi, ta amsa gaisuwar a taƙaice ta shige ɗaki, domin ita ma ta yi shekaru tana shirya abin da za ta faɗa miki, kuma zuwanki zai rushe mata shi. Idan haka ta faru, ki gaishe da yaran gidan, ki sha ruwan da aka kawo miki, ki yi sallama ki dawo, sa'annan ki sake komawa bayan mako biyu. Idan kuma kukan da rashin barcin suka ci gaba makonni har suna taɓa aikinki a aji ko cin abincinki, ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa mini.